Na Je Ailan Neman Sani

Tun ranar da na sauka a tashar Agege ban samu na tauna goro ɗaya cikin natsuwa ba. Da na zauna a rumfar masu goro sai wannan ya ce, "Ɗanladi, wai da gaske Turawa na noma da hannunsu?" Wancan ya ce, "Wai ka ci abinci kwano ɗaya da Bajamushe?" Na amsa har bakina ya gaji, labarin kuma kullum ƙara ƙiba yake yi a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani mahauci yana rantse wa baƙo cewa ni na kakkaɓo jirgin saman Jamus da muciya. To gara in zauna in faɗe shi sau ɗaya daga tushe, wanda ya ƙara gishiri bayan haka, shi da Allah.

Ga wanda bai san ni ba, ni kuku ne. A Ikko aka haife ni, a nan aka haifi ubana, kakanmu kuwa yana cikin sojan Hausa da Turawa suka fara ɗauka. Maigidana wani Bature ne mai duba injin jirgin ƙasa a Ebute Meta, ma'aikatan reluwe suna ce masa Mai Lofe. Ya yi shekaru a Zariya, ya ji Hausa kamar jakin Kano. Ana tsakiyar yaƙin nan na Jamus cutar yana ta rufe masa idanu, likita ya ce aiki ya ƙare, sai gida. Gidan kuwa ba a zuwansa sai ta teku, makaho kuma ba ya hawa tsanin jirgi shi kaɗai. Ya ce, "Ɗanladi, za ka kai ni?" Na ci arzikin mutumin nan shekara da shekaru, ban ga ta inda zan ce a'a ba.

Amma akwai kayan da na ɗauka wanda ya fi akwatinsa nauyi. Ƙanena Sani ɗan wuta ne a jirgin ruwa na kaya, shi ke zuba wa inji kwal. Tun kafin maganar tafiyata ta taso aka aiko daga ofishin kamfaninsu cewa jirgin saman Jamus ya jefa musu bom can kusa da ƙasar Turawa, jirgi ya nutse, ba a ga Sani ba. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ita ba ta ji ba. Ta ce wanda ya mutu wanke shi ake yi a kai shi makwanci, wanda ba a wanke ba tafiya ya yi. Ta hana a yi sadaka, ta hana matarsa Hajara shiga takaba. Hajara ta zauna a gidanmu, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, iyayenta suna aiko magana daga Mushin, mu muna ba su haƙuri. Liman ya ce hukunci a fili yake, amma wa zai kai uwarsa gaban alƙali a kan ɗan da ta haifa?

Ranar tafiya Inna ta raka ni har tasha. Jirgi ya yi kuka, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Tun da hanyar da ya bi za ka bi, ka dubo min shi." Ta faɗa kamar mai aike na bakin kasuwa. Na ce to, don ba a ce wa Inna komai sai to.

Daga Agege zuwa Iddo, daga Iddo zuwa Apapa, wannan kun san shi. Jirgin ruwa ne ba ku sani ba, ba na kuma yi muku fatan saninsa. Ba jirgi ɗaya ke tafiya ba, ayari ake yi irin na fatake, jiragen yaƙi suna gadi a gefe. An ba kowa wata riga mai tudu gaba da baya, wai in an nutse ita za ta ɗaga mutum, da ita ake kwana, da ita ake shiga bayi. Kwanakin farko, ni da aka ɗauko in riƙe makaho, makahon ne ya riƙe min bokiti. Yana zaune yana zuƙar lofensa, duk sanda ya ji na yunƙura sai ya ce, "Sannu, ɗan jagora." Sai da muka bar Saliyo cikina ya zauna, na fara hawa sama ina kallon ruwa. A nan na gane girman aiken Inna. Ruwa ne ba gaba ba baya, ba itace ba tudu, ba wanda za ka tsayar ka yi wa tambaya. Na yi wa Sani addu'ar da ake yi wa mamaci, ina yi ina waige kamar Inna za ta ji ni.

Mun sauka a Libaful, wani gari na Ingila. Na ga layin gidaje guda bom ya rushe, ga gadon wani a rataye a bene, bango babu. Na bar Mai Lofe a masauki na nemi gidan da baƙaƙen ma'aikatan jirgi ke sauka. Mutanen Saliyo ne da 'yan Kalaba, suka karɓe ni da shinkafa mai barkono, Allah ya saka musu. Wani dattijo a cikinsu ya san jirgin su Sani. Ya ce min da Turancin bakin kwata, na sama wasu sun tsira, 'yan wuta da ke ƙasa kuwa sai addu'a. Wannan ba sabon labari ba ne, na kuma san ba zai shiga kunnen Inna ba.

Ni duk zatona Bature in yana Turanci ɗan Ingila ne. Da muka sake shiga wani ƙaramin jirgi za mu ƙetare ruwa na ce, "Maigida, ashe Ingila biyu ce?" Ya cire lofe daga baki, abin da ba ya yi sai magana ta yi tsanani.

"Ɗanladi, don an haife ka a Ikko kana jin Yarbanci, sai in ce maka Bayarabe?"

Na ce a'a.

"To ƙasata Ailan ce. Kuma ba ma cikin yaƙin nan, 'yan ba-ruwanmu ne mu."

Na ce a raina, maƙwabtanka na dambe a ƙofar gidanka ka ce ba ruwanka, to mu je mu gani.

A kwatar Dablin, babban birnin Ailan, ɗan kwastan ya buɗe akwatina ya ci karo da ɗan huhun goron da nake lallaɓawa tun daga Agege, ina yayyafa masa ruwa ina tsince wanda ya fara ƙwari. Ya juya ɗaya, ya shinshina, ya kira na biyu, na biyu ya kira wani mai babbar hula. An ce baƙo ko da ido makaho ne, amma ran nan masu garin ne suka makance. Na fasa fari guda, na ci ɓari a gabansu, na miƙa wa mai hular ɗaya ɓarin. Ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya tambayi Mai Lofe wace cuta yake warkarwa. Mai Lofe ya ce kewar gida. Suka shafa wa akwatin alli suka ce mu wuce.

Jirgin ƙasarsu kuwa, daga yau ku daina zagin na Kano. Yaƙi ya hana su kwal, sai suka koma ƙona ƙasa. Kada ku yi dariya, gani ya kori ji. Akwai wata baƙar laka a fadamunsu, a yanka ta kamar tubali, a shanya, in ta bushe sai ta ci wuta. Da ita suke girki, da ita suke jin ɗumi. A murhu lafiya lau take, a cikin inji kuwa sai a hankali. Mu ɗan yi tafiya mu tsaya a daji, direba da ɗan wuta su sauko su kwashe toka su sake hura wuta, fasinjoji su fita miƙe ƙafa suna hira da shanu. Mai Lofe ba ya gani amma kunnensa na aiki. Yana jin numfashin injin sai ya dafe kai ya ce, "Da a Ebute Meta ne, da yau na kori wani."

Gidansu gona ce, yayarsa ke riƙe da ita, wata dattijuwa mai suna Biriji. Iya nake ce mata, yadda muke ce wa matan Yarbawa, ta kuwa amsa. Ran farko ta tsaya tana kallona ina kallonta, sai ta taɓa hannuna ta ji shi kamar ƙanƙara, ta shiga ɗaki ta ɗauko babbar rigar mijinta marigayi ta ɗora min. Ta ba ni wani ɗan ɗaki a bayan murhu, mafi ɗumi a gidan. Abinci kuwa dankali ne da safe, dankali da rana, dankali da yamma, sai madara da man shanun da ko Bafulatana ta gani sai ta sara masa. Naman alade ne matsalar. Na yi bayani, Mai Lofe ya ƙara bayani, Iya ta ce ai su ma ba sa cin nama ran Juma'a, ta ɗauka addininmu Juma'a ce da ba ta ƙarewa. Daga baya ta riƙa ba ni kaza in yanka da kaina, ina bisimilla tana alamar gicciye a ƙirji. Ban daɗe ba na karɓe madafi daga hannunta, ba ta kuma yi gardama ba. Abin da ya fi wahalar da ni rana ce. A lokacin da muka je ba ta son faɗuwa, mutum ya yi la'asar ya yi ta jiran magariba har hamma ta fara zuwa masa.

Wata safiya ina shanya tsummokin madafi sai ga wani dogon saurayi a kan keke. Ya sauka yana ɗingishi, ya gaida Iya, ya ɗauki shebur ya nufi fadamar da ake yankan lakar nan. Na tambayi Mai Lofe ko wane ne. Ya ce, "Bajamushe ne, fursuna." Tsumma ya suɓuce daga hannuna.

Ya yi min bayani. Jiragen sama na yaƙi sukan ɓata hanya cikin gajimare, ko a harbe su a teku su rarrafo su faɗo a ƙasarsu. Duk wanda ya fito da rai, na Jamus ne ko na Ingila, sai a kai shi wani bariki kusa da gonar a ajiye har yaƙi ya ƙare, don kada a ce sun goyi bayan wani. Jamusawa a wannan gefen waya, 'yan Ingila a wancan. Da safe fursuna ya yi alkawari a bakin ƙofa cewa zai dawo, a buɗe masa ya fita. Ya je ƙodago a gona, ya je kallon tseren dawaki, ya je rawa in yana so, in lokaci ya yi ya komo da ƙafarsa ya buga ƙofa a kulle shi.

Na ce, "Ba mai rakiya? Ba ankwa?"

"Ba kowa. Maganarsa ce ankwarsa."

"In ya gudu fa?"

"In yana ciki ya haura waya, wannan tsakaninsa da masu gadi, soja ne. Amma in ya fita da alkawari ya gudu, nasa ma ba za su yi murna da ganinsa ba."

Na tuna fursunonin Ikko masu yankan ciyawa a bakin hanya, gandiroba a kansu da kulki. Mu ma muna cewa alkawari kaya ne, amma ban taɓa ganin an ɗora wa mutum shi sannan an buɗe masa ƙofar kurkuku ba. Na daɗe ban ga abin da ya ba ni mamaki irin wannan ba.

Sunansa ya fi ƙarfin harshena, na sa masa Dogo. Ban yi niyyar shiri da shi ba, amma mai aikin gona a madafi yake cin abinci, madafi kuwa nawa ne. Ran farko na zuba masa yajin da na zo da shi, ba don alheri ba. Ya ci, hawaye suka zubo, hanci ya biyo baya, ya share ya miƙo kwano a ƙara. Wanda ya yi wa girkinka haka, da wuya ka ci gaba da ɗaure masa fuska.

Wata rana ya same ni ina azahar a bayan rumbu. Ya jira na sallame, ya ce da Turancinsa mai karyayyen ƙafa irin nawa, "Makka kake nema?" Na ce eh mana, gabas. Ya girgiza kai. Ya tsuguna ya yi zane a ƙasa da tsinke, ga Ikko, ga Makka, ga inda muke. Ashe daga can Makka ta gangara wajen kudu, ni kuwa tun da na zo mafitar rana nake fuskanta yadda muka saba a gida. Ya bi layin sallata da tsinke ya yi dariya ya ce, "Ƙauyenmu kake gaisarwa." Ya jera min duwatsu a kan layin gaskiya, ya nuna min yadda zan gane shi da rana ko ina na je. Na ce a ina ya koyi wannan. Ya ce aikinsa ke nan a jirgi, shi ne mai nuna hanya. Na ba shi goro, ya tauna da ladabi ya haɗiye da ƙyar.

Ranar ce kuma na yi tambayar da ke cina. Na ce, "Hanyar ina kake nuna musu?"

Ya ce, "Jiragen ruwa." Nasu jirgin babba ne mai dogon zango, aikinsa ya fita teku ya nemo ayari.

Na ba shi labarin Sani daga farko har ƙarshe. Na ce, "Kai ne?"

"Ban sani ba. Daga sama ba a ganin sunan jirgi. Mai yiwuwa ba ni ba ne, amma ba zan rantse maka ba."

Da ya yi min ƙarya da ya fi min sauƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na daina gaishe shi, abincinsa Iya ke miƙa masa, ba yaji ba magana. Duwatsun dai ban watsar ba, don alƙibla ba tasa ba ce.

Muka daɗe a haka. Sai wata rana ya tsaya a ƙofar madafi, hula a hannu, ya ce yana da roƙo. Jirginsu a kan wani dutse ya faɗi, can yamma a bakin teku. Shi ƙafarsa ta karye aka ɗauke shi zuwa asibiti, abokinsa mai kula da wayar iska kuwa a nan ya cika. Ɗan maƙwabtansu ne, tare suka tashi. Bai ga jana'izarsa ba, alkawarin fitarsa kuma bai kai can ba, iyakarsa garuruwan kusa. Roƙonsa shi ne in je maƙabartar ƙauyen da aka binne abokin in dubo masa kabarin. Ya ce, "In yaƙi ya ƙare na koma gida, uwarsa za ta tare ni a hanya ta ce ina ɗanta yake kwance. Ba ni da abin da zan gaya mata." Ya juya hular a hannu ya ƙara da cewa waɗanda suka ɗauke shi sun ce a maƙabartar nan akwai ma'aikatan jirgin ruwa da teku ta kawo.

Ya sa hularsa ya tafi. Mai Lofe da ke zaune a bakin murhu ya ji komai. Ya ce da Hausa, "Ɗanladi, yanzu uwa biyu ke aikenka." Na ce wa kaina ba don Dogo zan je ba, don tsohuwar da ban sani ba ce.

Na sake shiga jirgin laka, daga shi na shiga wata mota cike da kaji da mata masu kwanduna, ba ta da maraba da ta Abekuta sai dai ba a ciniki da ƙarfi. Kowa ya tambaye ni ko daga Amurka nake, ko na san ɗansa a can. In na ce Agege sai su gyaɗa kai kamar sun sani, wata ta yanko min burodi, wani ya matsa min wuri. Inda mota ta tsaya na hau keken jakin wani mutum mai suna Maikel. Allah ya taimake ni da shi, don mutanen wajen suna da wani harshe nasu daban wanda ba Turanci ba, shi ya zama tafintana.

Tun kafin mu shiga ƙauyen na fara ganin jirgin su Dogo. Ƙofar wani garke fiffike ce. Wata mata tana ɗiban ruwa da wani farin ƙarfe da aka lanƙwasa aka yi masa mariƙi. A bayan wani gida ga wutsiyar jirgin a kwance, kaza na ƙwai a ciki. Ashe ba maƙeran Agege kaɗai ne ba sa barin ƙarfe ya kwana a banza ba.

Maƙabartar tana kan gangare, teku a ƙasanta, an kewaye ta da katangar dutse. Ban sha wuyar samun abokin Dogo ba. An kafa masa gicciyen katako da fenti, an rubuta sunansa, an yanke ciyawa, wani ya ajiye furanni a kwalba. Maikel ya ce sojan ƙasar ne suka binne shi, suka harba bindiga sama, duk ƙauyen ya fito. Na duba da kyau don in iya faɗa. Sai na ga wasu kaburbura a jikin katanga, ba suna, dutse kawai a wajen kai. Maikel ya ce waɗannan teku ce ta kawo su. Na matsa kusa da su. Na ce ko akwai baƙin mutum a ciki. Ya ce sai dai mu tambayi Nora, ita ke wanke gawa a ƙauyen.

Mu a wajenmu maza ke wanke maza, su kuwa tsofaffin mata ke yi wa kowa. Nora 'yar ƙanƙanuwa ce cikin baƙin mayafi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi magana, Maikel ya fassara min. Ta ce akwai ɗaya, ta kuma daɗe tana tunanin ko yana da mai nemansa. Masunta ne suka same shi a tsakanin duwatsu bayan wata iska, suka ciro ƙyauren ɗaki suka ɗauko shi a kai. Ta ɗora ruwa a wuta ta wanke shi, ta naɗe shi da farin zanen gadonta, maƙwabta suka zauna da shi don kada a bar baƙo shi kaɗai, washegari aka kai shi.

Na tambayi kamanninsa. Ta ce teku ba ta bar fuska ba, amma saurayi ne, tafin hannunsa duk kanta. Sai ta sa hannu a wuyanta ta jawo wani zare mai ɗan ƙyalle murabba'i, irin wanda masu addininsu ke ratayawa. Ta ce ta ga irinsa a damtsensa, na fata, a ɗinke. Da ta gani ta san ɗan mutane ne, wata ta ɗaura masa. Ba ta cire ba, da shi aka binne shi. Lokacin da ta faɗa bai yi nisa da lokacin da aka aiko mana ba.

Sani yana da kambu a damtse. Haka ma duk wanda ke shiga teku daga Saliyo har Kalaba. Ban ce shi ne ba, ba kuma zan ce ba shi ba ne.

Na yi alwala a wata 'yar ƙorama, na dubi rana na daidaita alƙibla, na tsaya a kan kabarin na yi masa salla ni kaɗai, ba liman ba sahu. Da na waiwaya na ga Nora da Maikel sun durƙusa a can gefe suna tasu. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo labari, kuma da na gama na ji kamar an sauke min kaya. Na ciro farar rigata ta salla daga jaka in ba Nora a madadin zanenta, ta tura min hannu. Ta ce abin da aka ba mamaci ba a mayar da shi. Ta dai yarda na dafa mata kifi da sauran yajina, ta ci tana fifita baki.

Da na koma gona na sami Dogo a fadama. Na gaya masa gicciye, da suna, da furanni, da yadda ake hango teku daga wurin. Ya sa na maimaita. Ya zauna a kan tarin laka ya rufe fuska da hula. Can ya dubi rana, ya tashi ya hau kekensa ya tafi a kulle shi. Ba zan ce mun zama aminai ba, amma gaisuwa ta dawo, yaji ma da zai dawo in da ya rage.

Sanyi na fara shigowa Mai Lofe ya riga ya san gidan da tafin hannu, ba ya bukatar ɗan jagora. Aka sama min wuri a wani jirgi mai zuwa Ikko. Iya ta hana ni tuɓe rigar mijinta, ga ta can a akwati in akwai mai son gwadawa a zafin Agege. Mai Lofe ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce in gaida masa reluwe. Na ji zafin rabuwa da shi. A hanyar dawowa ban nemi bokiti ba, tunani ne ya hana ni sakat. Kalma ɗaya zan faɗa wa Inna magana ta ƙare, in ce na ga kabarin Sani. Amma mutumin da nake ganin maƙiyina bai yi min ƙarya ba, ban ga yadda zan yi wa uwata ba.

Gida ya cika, masu sannu da zuwa da Yarbawa masu ekabo. Sai da la'asar ta yi aka watse, Inna ta kira ni ɗakinta. Na ga ƙafar Hajara a ƙarƙashin labulen ƙofa.

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba, Inna. Amma ga abin da na gani." Na faɗa mata duka, ban rage ba ban ƙara ba.

Ta ce, "An wanke shi?"

"An wanke shi, da ruwan ɗumi."

"Wa ya yi?"

"Wata tsohuwa, sa'arki."

"Mace?"

"A can mata ke yi."

Ta kama bakin zane tana murzawa. "Tana da ɗa?"

Na ce tafintan ya gaya min tana da shi, masunci, teku ta ɗauke shi tun da daɗewa ba ta mayar mata ba.

"Likkafani fa?"

"Zanen gadonta, fari."

"Ka yi masa salla?"

"Na yi."

"Amma ba ka ce nawa ne ba."

"Ban ce ba, Inna. Allah ne ya sani."

Ta saki bakin zanen. Sannan ta ce, "To. In ba nawa ba ne, na wata ne. Nawa ma wata ta wanke." Ta goge ido da gefen mayafi ta ce in gaya wa Liman a yi sadaka ran Juma'a. Sai ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Hajara, shigo, 'yar nan."

Hajara ta shigo ta durƙusa. Inna ta jawo ta ta zaunar a tsakanin ƙafafunta, ta zare mata 'yan kunne ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a faifai, ta zame mata ɗankwali. Hajara ta kifa kai a gwiwar Inna ta fashe da kuka. Inna ba ta ɗago ba, ta ce in miƙo mata tsinken tsifa a kan taga, in fita in ja musu ƙofa.